Yadda kemo ya ɗauke mini ɗanɗano, da yadda na mayar da zink wata cutar

Ni mai harhaɗa magunguna ce, shekara 19 ina bayan taga a ɗakin magani na wani asibitin gwamnati a Kano. Zink kam katan-katan ya bi ta hannuna. Uwa za ta zo da yaro yana gudawa, in ba ta ORS, in haɗa mata da ƙwayar zink mai miligiram 20, in ce ta narka ɗaya a cokalin ruwa ko ruwan nono kullum har kwana 10 zuwa 14, in jaririn bai kai wata 6 ba ta raba ƙwayar biyu. Na maimaita wannan har ya zame mini hadda. Amma ranar da jikina ya buƙaci zink, ni mai koya wa mutane ƙa'ida ni na fi kowa karya ta, saura kaɗan a huda mini ƙashi a ɗebi ɓargo saboda haka. Shi ya sa zan faɗi abin dalla-dalla, da lissafinsa, saboda masu shan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, na ciwon dajin hanji, tumbi ko hanyar abinci, da masu jinyarsu.

A farkon 2022, ina da shekara 44, na fara ganin jini a bayan gida. Na ce basir ne, kamar yadda kowa yake cewa. Na sha jiƙo, na sha metronidazole har sau biyu da sunan atini, na sha maganin tsutsa. Wata 7 ina wannan. Bayan gidan ya sirance, in na fito sai in ji kamar ban gama ba, zani ya fara yi mini yawa a ƙugu. Wata likita abokiyar aikina ce ta ja ni gefe bayan ta ga PCV ɗina, wato awon yawan jini, ya sauka 27, ta ce, "Hajiya, basir ba ya cinye mutum haka. Sai an sa kyamara an duba hanjin nan." Aka duba, aka tarar da ƙari a ɓangaren hagu na babban hanji, can ƙasa. A watan Oktoba aka yi aiki, aka yanke wurin aka haɗe hanjin. Cikin 'ya'yan kaluluwa 16 da aka cire, cutar ta shiga 5. Mataki na 3 ke nan, kuma da yake sun kai 4 har sun wuce, likitan ciwon daji ya ce kemo na wata 6 za a yi, na wata 3 ba zai wadatar ba.

Ban yi kuka a ofishinsa ba. A mota na yi, maigidana yana riƙe da sitiyari bai tayar ba, yana ta maimaita innalillahi. Autata tana da shekara 6 lokacin. Ita nake gani, sai kuma wata 7 ɗin nan da na ɓatar da hannuna.

Tsarin da aka ɗora ni a kai sunansa CAPOX, zagaye 8, kowane zagaye kwana 21. Ranar farko a ɗaura ruwan oxaliplatin na awa 2, sannan ƙwayoyin capecitabine safe da dare na kwana 14, a huta kwana 7, a koma. Ba da ka ake yanke adadin ba, da faɗin jiki ake lissafawa, daga tsayi da nauyi. Tsayina mita 1.60, nauyina bayan aiki kilo 52, faɗin jikina ya kama murabba'in mita 1.5. Oxaliplatin miligiram 130 ne a kowane murabba'in mita, nawa ya kama kusan 200. Capecitabine 1,000 ne, nawa 1,500, wato ƙwaya 3 masu 500 da safe, 3 da dare, cikin minti 30 bayan cin abinci. Kafin kowane zagaye a ɗebi jini, in nutrofil, fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, ba su kai 1,500 ba, a ɗaga zagayen. A riƙe wannan adadin, zan dawo kansa. Maganar kuɗi kuwa, sarƙata da 'yan kunne sun tafi, adashin wurin aiki aka ba ni ɗauka biyu, ga shi watan Fabrairun 2023 ya zo da ƙarancin takardun Naira, taransifa tana maƙalewa kana tsaye da takardar magani a hannu.

An gargaɗe ni game da sanyi, kuma na fara a ƙarshen Nuwamba, bakin hunturu. Oxaliplatin yana sa jijiyoyi su kasa jure sanyi na kwanaki bayan an ɗaura shi. In na taɓa marfin tukunya da asuba sai in ji kamar wutar lantarki ta ja ni, in na kurɓi ruwan randa maƙogwaro ya shaƙe kamar an ɗaure shi da igiya. Wannan na shirya masa: filas na ruwan ɗumi don alwala da sha, safa a hannu da ƙafa, mayafi a baki in zan fita tsakar gida. Masu ba da shawarar tsotsar ƙanƙara don hana gyambon baki, shawararsu ta wasu magungunan ce, wanda ke kan oxaliplatin kada ya gwada sai likitansa ya ce.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ɗanɗano. Bayan zagaye na 2 bakina ya koma kamar na kwana da ƙusa a ciki. Nama ɗaci, shayi ƙarfe, tuwo kamar ana tauna kwali. Ruwa ma yana da wani ƙarni. Wata Juma'a na ji ɗan ƙarfi na ce ni zan yi miyar kuka. Na ɗanɗana na ji salam, na ƙara gishiri, na ƙara dunƙule, na sake ɗanɗanawa na sake ƙarawa. Aka zauna ci, maigidana yana kai loma yana bin ta da ruwa, manyan yaran kowa kansa a ƙasa. Auta ce ta ajiye hannu ta ce, "Umma, miyar nan tana cizon harshe." Yayarta ta zungure ta. Na tashi na shiga ɗaki. Cirewar hanji ban ji ta rage ni da komai ba, amma ranar na ji an karɓe mini gidana.

A takardun likitoci akwai abin da suke kira ingancin rayuwa, har da tambayoyi 30 da ake cikewa don auna shi. A wajena ma'anarsa ita ce in iya cinye rabin kwano, in iya tsayuwa raka'a 4 ban zauna ba, in iya zama da baƙi minti 20. Duk ukun sun tafi a watan Janairu. Ga gudawa sau 5 zuwa 6 a rana a mako na biyu na capecitabine, gefen bakina ya tsage, gashi yana bin mataji, nauyi ya sauko kilo 47. Kilo 5 cikin 52 kusan kashi 10 cikin 100 ne, alhali kashi 5 ma ya isa a tayar da hankali.

Ga yadda zink ya shigo. Ƙwayoyin ɗanɗano da ke kan harshe ba sa daɗewa, kusan duk kwana 10 zuwa 14 ake sabunta su, kemo kuwa duk abin da ke saurin sabuntuwa yake bugu, shi ya sa baki da hanji suke fara shan wuya. Sabuntawar tana buƙatar zink, haka wani sinadari na cikin miyau da ake kira gustin, wanda ke da hannu a lafiyar ƙwayoyin ɗanɗanon. Jiki ba shi da rumbun ajiyar zink kamar yadda yake ajiye ayon, sinadarin ƙarfen da ake ƙera jini da shi, kullum sai an ci. Mace baliga tana buƙatar miligiram 8 a rana, namiji 11. Mai ciwon dajin hanji ta ko'ina asara yake yi: ba ya ci, rauni na aiki yana cin nasa kafin ya warke, gudawa tana kwashe wani. Wanda aka fitar wa ƙaramin hanji ta ciki aka sa masa jaka, kowace lita ta ruwan da ke fita tana iya tafiya da fiye da miligiram 10. Ga abincinmu: gero, dawa, masara da wake duk suna da fayitet, wani sinadari da ke ƙulle zink a cikin hanji ya hana shi shiga jini. Ta irin wannan hanyar ma aka fara gano ƙarancin zink a jikin ɗan'adam, lokacin da Dakta Ananda Prasad ya bayyana wasu samari a Iran a 1961 da suka tsumbure, abincinsu gurasar alkama marar yisti, suna kuma cin ƙasa. Masu cin farar ƙasa a cikinmu su ji wannan.

Ni na roƙi a yi gwajin. Yana da ƙa'ida: da safe, kafin a ci komai, a kwalba ta musamman da ba ta da gurɓacin ƙarfe, kuma a haɗa da albumin, wani furotin na jini, da CRP, ma'aunin kumburin jiki. Dalili shi ne mafi yawan zink na jini a kan albumin yake hawa, kuma kumburin jiki yana sa hanta ta janye shi daga jini, sai sakamako ya nuna ƙasa alhali ba lallai jikin ya rasa ba. Nawa ya fito maikirogiram 54 a desilita, daidai kuwa wajen 70 zuwa 120 ne. Albumin ɗina ya ɗan yi ƙasa, CRP bai tashi sosai ba. Da likita ya haɗa da gudawar da tsagewar baki, ya yarda ƙarancin na gaske ne.

Bai yi mini alkawarin komai ba, kuma yanzu na ga gaskiyarsa. Ya ce, "Hajiya, ke ma'aikaciya ce, bari in gaya miki yadda abin yake." A Amurka an gwada zink a kan mutum kusan 170 da ake gasa wa ciwon dajin kai da wuya, aka fitar da sakamakon a 2007, bai hana lalacewar ɗanɗano ba. A 2012 wani gwajin na mutum 58 masu shan kemo, da zinc sulfate 220 sau 2 a rana, shi ma bai nuna bambanci da ƙwayar bogi ba. A Brazil kuma, a 2017, an ba masu ciwon dajin babban hanji miligiram 35 sau 2 a rana na mako 16, waɗanda suka sha gajiyarsu ba ta ƙaru ba, ingancin rayuwarsu bai faɗi kamar na sauran ba, sai dai mutum 24 ne kacal gaba ɗaya. A Japan suna yawan ba da polaprezinc, maganin gyambon ciki mai zink, ga masu matsalar ɗanɗano. Abin da ya tattaro daga ciki shi ne zink yana cike gurbi ga wanda ya rasa, wanda nasa ya cika kuwa ƙari ba ya ƙara masa komai, kuma ba ya taɓa ciwon dajin. Ya rubuta zinc sulfate 220, ƙwaya 1 a rana, mako 8, sannan a sake gwaji a tsaya.

A nan mutane suke ruɗewa, har da masu kemis. Lambar 220 nauyin gishirin ne gaba ɗaya, zink na ainihi a ciki miligiram 50 ne, domin sulfate kashi 23 cikin 100 ne zink. Gluconate kashi 14, acetate kashi 30. Saboda haka a juya kwalba a nemi adadin zink na ainihi, shi ake lissafi da shi. Iyakar da aka ɗora wa baligi mai lafiya na yau da kullum miligiram 40 ne. Wato ƙwaya 1 ɗin ma ta haura iyaka, shi ya sa aka yanke mata wa'adi.

Lokacin sha ma yana da tsari. A cikin wofi zink yana tayar da zuciya, mai kemo kuwa ba ya buƙatar ƙari a wannan fannin. Na mayar da shi bayan azahar, da ɗan abinci marar madara, kamar dafaffen ƙwai da dankali, nesa da capecitabine na safe da na dare, don in wani abu ya tashi in san mai laifi. A bar awa 2 tsakaninsa da ƙwayar ayon ko kalsiyam, domin ƙofa ɗaya suke rububin shiga. Mafi haɗari su ne ciprofloxacin, levofloxacin da doxycycline: zink yana manne musu a hanji ya hana su shiga jini, kuma su ne irin magungunan da ake ba mai kemo in cuta ta kama shi. A sha su awa 2 kafin zink ko awa 6 bayansa, ko a ajiye zink ɗin har a gama, wanda ni na fi ganin sauƙinsa. Sai kuma tarkon bitamin. Ƙanin maigidana ya dawo daga Umara da katuwar kwalba ta haɗin bitamin, ya ce, "Anti, wannan har da zink ɗin a ciki." Na juya bayanta na ga folic acid maikirogiram 400. Folic acid yana ƙara wa capecitabine dafi, gudawa da gyambon baki su tsananta. Na yi masa godiya na ba wa yayata.

Cikin mako 3 zuwa 4 ɗanɗano ya fara dawowa. Tsami ne ya fara, sai gishiri, nama ne ƙarshe. Na so in ba zink duka ladan, amma a wannan makon abu uku aka canza tare. An rage capecitabine zuwa kashi 75, daga 1,500 zuwa 1,150, saboda gudawar. An ga farin fangas a harshena aka ba ni nystatin, shi kaɗai ma yana iya kashe ɗanɗano. Sai zink. Duk wanda bakinsa ya mutu a kemo, a fara haska masa tocila a harshe kafin a tafi sayen kwalba.

Sauran dabarun na kicin ne. Cokalin roba ko na katako maimakon na ƙarfe. Abinci mai ɗumi-ɗumi, domin turirin mai zafi yana tayar da zuciya, mai sanyi kuma oxaliplatin ya hana. Kurkure baki kafin ci da bayansa da ƙaramin cokali 1 na gishiri da 1 na bekin soda a lita 1 ta ruwa, kuma ba kanwa na ce ba. Tsamiya da lemon tsami suna farkar da harshe, amma in akwai gyambo a bar su. Na koma kunun tsamiya da koko na gasarar da ta kwana ta yi tsami, domin jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami yana karya fayitet. Wake a jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan. Jan nama giram 100 yana ba da zink wajen miligiram 5, sai a niƙa shi a yi dambu mai laushi ko a dafa ya yi ligif a farfesu. Hanta, agushi, riɗi, 'ya'yan kabewa da gyaɗa duk suna da shi. Furotin da nake nema giram 60 zuwa 70 ne a rana, ƙwai 1 yana ba da 6, sai a yi lissafi. Tsiren bakin titi da nonon da ba a tafasa ba na haƙura da su har aka gama. Na sayi littafi mai shafi 40 ina rubuta nauyi duk Asabar, adadin fita bayan gida, da maki daga 0 zuwa 10 na ɗanɗano da gajiya. In fita bayan gida ta ƙaru da sau 4 a rana a kan yadda aka saba, a dakatar da capecitabine a kira likita. Zafin jiki ya kai 38, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, ba a jira a ga ko farasitamol zai sauke shi.

To, wanzami ba ya son jarfa. Mako 8 suka cika a tsakiyar Maris, ban koma gwajin ba, ga tsada, ga kuma ina ganin na san abin da nake yi. Bayan zagaye na 6 ɗanɗanon ya sake dusashewa, kamar yadda yake yi a kwanakin farko na kowane zagaye. Azumi ya kama, gida ya cika da ƙamshin ƙosai da kunu, ni ba na azumi saboda magani, kuma ba na jin daɗin abin da nake ci. Na mayar da ƙwayar 2. Bayan mako biyu na mayar 3. Na ce ai a gwaje-gwajen ma an ba da kusan haka, na manta cewa su na ƙayyadadden lokaci ne kuma ƙarƙashin kulawar likitoci. Na daɗe ina tunanin dalilina. A kemo komai yi maka ake yi: a soka, a ɗaura, a auna, a ce dawo. Ƙwayar nan ita kaɗai ce abin da nake yi wa kaina, kuma na riga na sa a raina ita ta dawo mini da girkina. Kullum nas za ta tambaya, "Hajiya, akwai wani magani da kike sha?" In ce, "Babu, sai 'yan bitamin." Wa zai tuhumi mai ɗakin magani?

Miligiram 150 a rana ke nan, kusan ninki 19 na buƙatata, kusan ninki 4 na iyaka. Na yi wata 6 a haka, ƙwaya sama da 500.

Zagaye na 7 aka ɗaga, nutrofil 1,200. Na 8 ma aka ɗaga. Kowa ya ce kemo ne, kuma da hujja. An riga an cire oxaliplatin bayan zagaye na 6 saboda dindiris a yatsu. Tashin zuciyar da nake ji da rana ma na ɗora wa kemo. Aka gama a farkon Yuni, muka yi sadaka, aka yi layya na ci hanta ina murna. Amma jini ya ƙi tashi. A ƙa'ida cikin makonni kaɗan yake farfaɗowa. Ni a watan Agusta nutrofil 900, himoglobin, ma'aunin jan jini, ya sauka 8.6, ga ƙwayar ayon ina sha ba ta yin komai. Ƙafafuna suka ƙara mutuwa, takalmi ya zame ban sani ba, in na rufe ido ina wanke fuska sai in yi tangaɗi, in an ɗauke wuta sai na dafa bango. Wannan ma yana da bayani a shirye, domin lalacewar jijiya ta oxaliplatin takan ci gaba da ƙaruwa wata 2 zuwa 3 bayan an daina shi. Aka fara maganar ɓargo, ko cutar ta shiga, ko kemo ya lalata shi. Waɗannan makonnin sun fi mini ranar da aka fara gaya mini ciwon wuya. Na rubuta wasiyya, na raba wa 'yan matan sauran kayan ɗakina a takarda.

Aka tura ni wajen likitar jini, wata dattijuwa marar yawan magana. Ta duba takardu, bitamin B12 lafiya, ayon lafiya. Ta ce, "Kafin in taɓa ƙashinki, gobe ki zo mini da duk abin da kike haɗiya, har na gargajiya, a leda ɗaya." Na zo na juye a tebur. Ta ɗauki kwalbar zink ta girgiza, ta ce nawa a rana. Na ce 3. Tun yaushe? Na faɗa. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ƙanwata, a ina kika ce kina aiki?" Ban iya amsawa ba. Tun kafin ta ƙarasa na tuna darasin, mun yi shi a makaranta.

Zink mai yawa yana sa ƙwayoyin bangon hanji su ƙera wani furotin, metallothionein, wanda ya fi son tagulla a kan zink. Sai ya kama tagullar abinci ya riƙe, bangon hanjin kuma duk 'yan kwanaki yake saɓulewa ya fita da bayan gida, tagullar ta bi shi. Da wannan dabarar ce ma ake ba masu cutar Wilson, wadda ke tara tagulla a jiki, zink da gangan don a rage musu tagulla. Buƙatar jiki ba ta kai miligiram 1 a rana ba, amma in babu ita ayon ba ya motsawa ya shiga aikin jini, ɓargo ba ya fitar da nutrofil, lakar baya da jijiyoyi suna lalacewa. Ƙarancin jini, faɗuwar nutrofil, mutuwar ƙafa: sak hoton illar kemo, shi ya sa yake ɓuya a bayanta. A ɓargo ma yana iya kama da wata cutar jini har a yi kuskure. Aka aika jinina Legas, bayan kwana 10 ya dawo. Tagulla 31, alhali daidai daga wajen 70 yake farawa. Ceruloplasmin, furotin da ke ɗaukar ta, 9, daidai kuwa daga 20.

Masu ciwon dajin tumbi su fi kowa kula da wannan. A tumbi da farkon ƙaramin hanji ake tsotse tagulla, wanda aka cire wa tumbi ko aka karkatar masa da hanya yana iya rasa ta ko bai sha zink ba, balle ya sha. Ga B12 da dole a riƙa yi masa allura in an cire tumbin duka, rashinta kuma irin wannan mutuwar ƙafar yake kawowa. Duk wanda zai wuce wata 2 zuwa 3 a kan zink mai ƙarfi, a auna masa tagulla da ƙidayar jini, wasu likitocin ma suna haɗa shi da ƙwayar tagulla miligiram 1 zuwa 2 tun farko.

Aka dakatar da zink a ranar. Aka fara ni da tagulla miligiram 8 a rana, duk mako a rage 2, har na tsaya a 2 na wasu watanni. Samun ƙwayar ma sai da aka yi cigiya, ba abin da kemis ke ajiyewa ba ne. Cikin mako 6 nutrofil ya haura 2,000, himoglobin ya biyo baya a hankali, ba a taɓa ɓargon ba. Na koma wajen likitan ciwon dajin na gaya masa da bakina. Bai yi faɗa ba, ya ce shi ma daga yau ba zai ƙara tambayar "kina shan wani magani" ba, leda zai riƙa cewa a kawo.

Jijiya ba ta da saurin yafiya irin ta jini. Tangaɗin ya tafi, amma yatsun ƙafata har yau kamar na sa safa biyu, kuma ba mai iya raba rabon oxaliplatin da rabon ƙwayoyina a ciki. Ina sa takalmi mai maɗauri, ina duba tafin ƙafa da dare kamar mai ciwon suga, ina gwada ruwan wanka da gwiwar hannu. Kyamarar da aka sake sawa bayan shekara 1 ba ta ga komai ba, gwajin jini na CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, duk wata 6 yana fitowa lafiya, alhamdulillahi. Nauyina kilo 58. Na koma bayan tagata, kuma in wani ya miƙo takarda mai zink 220, ina tambayarsa na wane ne, tun yaushe, kuma ranar da aka ce ya daina, in rubuta ranar da jan biro a jikin leda. Girki ya dawo hannuna, sai dai gishiri har yanzu auta ce take ɗanɗana mini kafin in sauke tukunya.